Kunnen da Muka Kai Kan Dutse

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin mai shayin bakin tsohuwar masaƙa sai ya ce, "Tanko, ya Kamaru?" In na ce lafiya, sai a ce ba haka ake ba da labari ba. Ni ba mai yawan magana ba ne. To ga shi a dunƙule, kowa ya ji, a ƙyale ni.

Aikina hawa ne. Da aka rufe masaƙa a Kakuri, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka kama acaɓa, wasu baƙin ciki ya kashe su. Ni na kama hawan ƙarfe: eriya, tankin ruwa, turken sadarwa, duk abin da ke sama wanda mai shi ke tsoro. Na taɓa faɗowa. Har yau ƙafar hagu ba ta yafe mini ba.

Ta wannan aikin na san Baba Iliya. Mutumin Filato ne, tsohon ma'aikacin waya, gidansa na bayan layinmu. Yana cikin mutanen nan masu wasa da rediyon oba-oba don sha'awa, da takardar izini daga hukuma. A gidansa akwai wani akwati da suke ce wa rifita. Kunne gare shi da baki. In mutum ya yi magana daga nesa da 'yar ƙaramar oba-oba, akwatin ya ji, sai ya sake faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Ni nake hau masa eriya.

Wata rana na same shi ya yi tagumi a gaban akwatin.

"Da," in ji shi, "mutum na tsaye a gona a Kakau ina jinsa kamar a ɗakin nan yake. Yanzu sai ya shigo gari."

"Kunnen ne ya lalace?"

"Lafiyarsa lau. Gari ne ya cika da ƙara. Inbata, caja, ƙwan lantarkin nan masu araha, kowanne yana tsaki a cikin iska. Kai ba ka ji, akwatin yana ji. Ka tuna ɗakin saƙa?"

Na tuna. In injuna suka tashi, komai kaifin kunnenka, sai an taɓa kafaɗarka za ka san ana kiranka.

Baba yana da 'ya ɗaya, Rahila. A gabana ta girma, Kawu take ce mini. Malamar asibiti ce. Ta auri wani malamin makaranta ɗan Kamaru, Daniyel, ya kai ta wani kwari can bayan tsaunukan Mambilla, inda ba sabis ɗin waya ko kaɗan. Ita kaɗai ce mai duba marasa lafiya a kwarin. Tana da ciki na fari, haihuwar kuma da damina za ta faɗo, lokacin da hanya ke yankewa. A saman kwarin akwai ƙauye mai mota da ɗan sabis. Baba ya haɗa wani akwatin da hannunsa, ya ce za mu dasa shi a kan dutsen da ke tsakani, don in abu ya taso ta kira a ji.

"In akwatin nan bai ji ta ba," ya ce, "da ita zan dawo. Mijin ya yi abin da zai yi."

Na san shi. Ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Muka kama hanyar Kachia da kaya kamar masu ƙaura: akwatin, batura biyu, faifan sola biyu, eriya a cikin dogon bututun roba, da wasu manyan gwangwanaye na tagulla da ke hana bakin akwatin kurmantar da kunnensa. Baba ya rungume akwatin a cinya. Direba ya ce a sa a but, Baba ya ce shi direban ya shiga but ɗin tukuna. Duk shingen da muka tsaya sai an tambayi bututun. A wani wurin cewa aka yi mu buɗe a ga ko bindiga ce.

Bayan Makurɗi wata mai manja ta hau, aka ɗora jarkarta a kan buhuna. Murfin bai ɗauru ba. Da muka sauka a Wukari na tarar igiyar hawana ta sha manja ta ƙoshi. Igiya mai santsi kabari ce. Matar ta yi ta ba da haƙuri da wata irin Hausa mai karyewa, ta ƙi tafiya sai da ta samo toka da omo, muka zauna bakin famfon masauki muna cuɗawa. Ta sayo mana sakwara da miyar kifi. Ban taɓa ganin malmala irin wannan ba. Mu a Kakuri mutum uku za su ci ta su yi godiya, can kuwa ta mutum ɗaya ce, har ana tambaya ko a ƙaro.

Daga Bali muka wuce Serti, daga nan aka ce mu canja mota, ƙananan ba sa iya hawan. Aka nuna mana wata tsohuwar Landiroba da na tabbata ta girme ni. Direban ya dube ni, ya miƙo mini wani guntun katako.

"Kai ne mai ƙarfi a nan. In ta tsaya a hawa, ka dira ka sa a bayan taya."

"Birki fa?"

"Shi ke nan a hannunka."

Na hau abubuwa da yawa a rayuwata, amma ban taɓa hawan da mota ke yi da ni ba. Hanya tana naɗewa kamar rawani. Dama dutse, hagu babu komai. Na dira da katakon nan ban san adadi ba. Can sai wani farin abu ya shigo ta taga ya jiƙa mini fuska. Na ce hayaƙin mene ne wannan? Wata mata a baya ta yi dariya, ta ce, "Girgije ne, Malam." Girgijen da muke ɗaga kai mu kalla, shi ne a cikin mota yana taɓa ni. Na yi salati. Baba ya rufe akwatinsa da rigar sanyi, shi ya zauna yana karkarwa.

A sama wata duniya ce. Ciyawa ko'ina kamar an shimfiɗa, shanu sun yi ƙiba har tafiya na ba su wuya. Na ga gonar shayi. Shekara da shekaru ina shansa, ban taɓa kawowa a raina cewa wani ne ke durƙusawa ya tsinko shi ba. Da tsakar rana mutane na sanye da hular sanyi. Na kwana ban ji sauro ba, har abin ya hana ni barci. Bayan Gembu muka ƙetare kogi a kwalekwale, da mu da kaya da babura biyu, mai tuƙin yana ta hira kamar a tsakar gida yake.

Iyakar ƙasa ba abin da na zata ba ce. Gora ce a gicciye da 'yar bukka. A nan Daniyel ya tare mu, dogo, mai sanyin magana. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa kamar wanda ake cire wa haƙori.

Jami'in can ɓangaren ya ce a kwance komai. Ya tsaya a kan gwangwanayen tagulla. Ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya yi magana da Faransanci. Daniyel ya ce, "Wai ko tukwanen dafa giya ne?" Sai jami'in ya kama wani ƙarfe da ke saman gwangwanin zai murɗa. Baba ya kurma ihu har kaji suka watse. Ya daɗe yana saita ƙarafan nan, murɗi ɗaya ya isa ya ɓata komai. Na ce yau a ɗaure za mu kwana. Daniyel ya fito da takardun izini, ya yi ta lallashi. Ƙarshe jami'in ya ce a ba shi oba-oba ɗaya, a ba abokin aikinsa ɗaya. Abokin ya zagaya bayan bukka. Manyan mutane da kaki suka yi ta kiran juna suna ƙyalƙyala dariya. Da suka gaji suka ɗaga mana gora.

Ƙauyen da muka sauka Fulani ne da wasu ƙabilun dutse a haɗe. Mai garin Jauro suke ce masa, dattijo, ya yi fataucin shanu har ya iya Hausa. Ya ba mu ɗaki mai murhu a tsakiya, ba taga. Ko ka sha hayaƙi ko ka sha sanyi, zaɓi biyu ne. Aka kawo tuwon masara da wani dafaffen ganye. Na zauna ina jiran miya. Baba ya ce, "Ci, Tanko, ganyen ne miyar." Mai gida ba ya ci tare da baƙo, ajiyewa yake yi ya ɓace, sai ka rasa wa za ka yi wa godiya. Fiya kuwa da muke saya ɗaiɗai a Kaduna, can faɗowa take yi awaki na ci. Burodinsu dogo ne mai tauri, ya isa a kori kare da shi.

Da safe na fito ina tunanin yadda mu uku za mu hau da kayan nan, sai na ga gari duka a ƙofa. Maza da mata. Ba wanda ya jira a roƙe shi. Wata tsohuwa da kowa ke ce wa Dada, ƙanƙanuwa, ba haƙori, ta naɗa gammo ta ɗora faifan sola a ka. Na je zan karɓa ta harare ni. Daniyel ya ce, "Ƙyale ta, Kawu. A nan duk wanda ya ɗauki kaya yana da rabo a cikin aikin." Na ɗauka abinci yake nufi. Baba ma ya gyaɗa kai, hankalinsa na kan masu ɗauke da gwangwanaye.

A kan dutsen suka kafa mana dogon turke, suka gina 'yar bukka ta akwatin, aka yi wa batura ramin dutse a bayanta. Na ɗaura igiya na hau. Daga can na leƙa. Duwatsu bayan duwatsu har ido ya gaji, ga kwarin su Rahila can ƙasa kamar an yanka da wuƙa. Ba ƙarar inji, ba hon, ba janareta. Na ji bugun zuciyata. Tun da aka haife ni ban san tana da ƙara haka ba.

Na sauko Baba ya kunna. Akwai wata 'yar allura a jikin akwatin da ke nuna yawan ƙarar da ke cikin iska. A Kakuri kullum a tsaye take. Nan ta kwanta.

"Tanko, zo ka gani," ya ce a hankali. "Rabona da ganin irin allurar nan a kwance tun Rahila na goye."

Ya murɗa wani maɓalli, sai ga muryar wani mutum, siririya, da yaren da ba mu sani ba. Baba ya ce daga nesa ƙwarai take. Wani bawan Allah can wata ƙasa yana maganarsa, bai san wasu baƙi a kan dutse suna jinsa ba.

Daniyel ya sauka kwari da oba-oba zai kai wa Rahila. Baba ya ce ba zai je ba sai ya tabbatar ko akwatin zai ji ta. Sanyin dutse kuma ya kayar da shi, zazzaɓi ya kwantar da shi a ɗakin Jauro, ni ina jinya. Sai da ya warware muka sake hawa, ranar da aka yi alkawarin gwaji.

Ya kunna. Shuuu kawai ke fita daga lasifika. Allura a tsaye cak, kamar ba mu bar Kakuri ba.

"Rahila, Rahila, Baba ne. Oba."

Shuuu.

Ya yi ta kira har rana ta karkata. Ya kwance wayoyi ya mayar. Can Daniyel ya iso, gumi sharkaf, ya hawo da ƙafa.

"Baba, tana jinka sarai. Ta yi ta amsawa har muryarta ta dushe."

Baba bai dube shi ba. "Baki na aiki, kunne ba ya yi. To wa zai ji ta ran da take buƙata? Ka koma ka ce ta haɗa kayanta."

Daniyel ya sunkuyar da kai.

Baba ya ce in hau in duba eriya ko iska ta taɓa ta. Na hau. Eriya lafiya lau. Amma daga saman na hango wata sabuwar rumfa a bayan wani ƙaton dutse, wadda ba ta nan da. Na faɗa masa. Ya zagaya wajen batura, ya tarar da wata wayar wuta an jona an binne ta a ciyawa. Muka bi ta.

A rumfar an shimfiɗa tabarma. Wayoyin hannu ne jere a kai, da tocila, da rediyo, har da injin aski, duk a jikin wata tsohuwar inbata mai gurnani. Mutane na zaune suna jiran nasu ya cika. Suka miƙe suna gaishe mu da murna. Ba ɓoyewa suka yi ba. Sun kai ta bayan dutse ne don kada su dami baƙi. Kafin mu zo sai an yi doguwar tafiya ake cajin waya. Sun ɗauki kaya, wannan ne rabonsu.

Baba ya kai hannu zai fizge wayar. Daniyel ya riƙe masa hannu. Ban taɓa zaton zai iya ba.

"Baba, in ka cire da hannunka, ka ce musu ba su da rabo ke nan. Kana juya baya ba mai sake kallon turken nan."

Aka kira Jauro. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa gemu.

"Malam Iliya, ban ce ƙarya kake yi ba. Amma wuta ba ta magana. Ta yaya waya a kan tabarma za ta toshe kunnen da ke can sama?"

"Ba zan iya nuna maka ba, Jauro. Amma zan iya sa ka ji."

Aka shirya. Daniyel ya koma kwari da saƙo: gobe in rana ta take tsaka, Rahila ta danna ta yi ta magana, kada ta daina. Jauro ya ce kowa ya hau, kuma kowa da hannunsa zai cire nasa, ba mai taɓa na wani.

Washegari kan dutsen ya cika. Baba ya fito da lasifika ƙofar bukka, ya ƙure ta. Shuuu. Mai injin aski ya fara cirewa, ana yi masa tsiya. Ba abin da ya canja. Wani ya cire, wata ta cire. Ana ta dariya, wani na cewa tasa ko rabi ba ta kai ba. Sai ƙarar ta fara rawa. A ƙarƙashinta akwai wani abu, kamar mutum na magana a cikin rijiya. Dariya ta tsaya. Waɗanda suka rage suka yi sauri. Tabarma ta zama wayam, amma muryar ba ta fito ba. Kalma ɗaya ta leƙo, uku su nutse.

Saura inbatar kanta. Ta Dada ce. Ɗanta ne ya aiko mata daga birni, ta daɗe a ƙarƙashin gado ba wutar da za a sa mata, sai yanzu. Ta zauna kusa da ita ta harɗe hannu. Jauro ya yi mata magana da Fulatanci, ta mayar masa da mai zafi, mutane suka sunkuyar da kai suna murmushi.

"Me ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce da wuyanta ta hawo da faifan, ba da naka ba."

Ba wanda ya tilasta mata. Can ta tashi da kanta, ta zo ta kara kunne a lasifika. Ta daɗe. Ta tambayi ko wace ce a ciki. Jauro ya ce malamar asibitin kwari ce. Daga baya na ji cewa Rahila ce ta kwana a kan jikar Dada lokacin da haihuwa ta zo mata a gicciye. Tsohuwar ta koma rumfa, ta sa babban yatsa ta danna maɓallin.

Gurnani ya mutu. Allura ta kwanta. Muryar Rahila ta fito tar, kamar tana tsaye a tsakiyarmu. Wata mata ta ja da baya tana salati. Ashe tun ɗazu tana nan. Mu ne muka rufe ta.

Ita kuwa ba ta san an fara jinta ba. Ta gaji da cewa "Baba, kana ji na?" ta shiga faɗin abin da ke ranta.

"…Daniyel, matsa mini, ai ba ya ji. Baba, tunda ba ka ji, bari in gaya maka. Ba inda za ni. Mata huɗu ke jiran haihuwa a kwarin nan ban da ni, in na tafi wa zai karɓi haihuwarsu? Ka zo tun daga Kaduna, ka zauna a kan dutse kana fushi, ko ka sauko ka ga cikin nan. Tun ina ƙarama kake magana da mutanen duniya a akwati, ni ina bakin ƙofa da abincinka yana hucewa. Tsoro nake ji, Baba. Ina jin tsoro ƙwarai. Amma ba zan tafi ba. Kuma ka gaya wa Kawu Tanko ya daina biye maka."

In mai oba-oba ya danna, ba a iya katse shi. Dole Baba ya tsaya da abin magana a hannu, a gaban gari guda, ya ji har ƙarshe. Jauro ya fara fassara wa mutane, ya kai wani wuri ya bari.

Ta numfasa. Ta ce, "Oba," don sabo.

Baba ya danna. Ya saki. Ya sake dannawa.

"Na ji, Rahila. Duka na ji. Da ni da mutanen gari. Oba."

Sai muka ji, "Wayyo Allah na!" da dariyar Daniyel a bayanta. Kan dutse ya kaure da shewa. Dada ta yi guɗa da bakinta marar haƙori.

Baba ya share fuska da hula, ya sake dannawa. "Ki ɗora tukunya gobe. Ina saukowa."

Ranar aka raba kaya. Faifai ɗaya da batir ɗaya suka zauna wa akwatin, Baba ya rage masa ƙarfin baki don su ishe shi. Ɗaya faifan da batir aka sauko da su cikin gari, nesa da eriya, aka sake kafa rumfa a can. Dada ce ta sauko da faifan, ba ta yarda wani ya taɓa ba. Aka ajiye oba-oba ɗaya a gidan Jauro, kusa da mai mota.

Mun sauka kwarin. Da Rahila ta fito na koma gefe na zauna a kan dutse, don ba wurina ba ne. Mun yi kwanaki. Mu biyu muka tafi, mu biyu muka dawo.

Damina ta yi nisa Baba ya zo har ƙofar ɗakina da sassafe, ko takalmi bai sa daidai ba. Jauro ne ya bugo masa waya. Naƙuda ta zo wa Rahila ana tsuga ruwa, kuma ta zo da gardama. Maza suka sauka da gadon ɗauka, mota na jira a inda hanya ta ƙare. An kai ta asibiti a kan lokaci. Mace aka samu, uwa da 'ya lafiya.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ta daɗe tana kira?"

Ya girgiza kai.

"Sau ɗaya ta kira, Tanko."